Kafin a liƙa wa tsohon kanti gilashi

Duk wanda ya zaga tsakiyar Yamai, Maraɗi ko Damagaram a ƴan shekarun nan ya ga yadda tsofaffin kantuna da mangazu ke komawa ofisoshi: nan reshen banki, can kamfanin inshora, gaba kaɗan biron wata ƙungiya. Ni dai ina goyon bayan haka, domin gyara ginin da ke tsaye ya fi rushe shi, balle yanzu da siminti da ƙarfe suka yi tsada. Ƙorafina a kan irin gyaran ne.

Kantunan da kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka gina a zamanin cinikin gyaɗa an yi su ne lokacin da babu na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa bangonsu ke da kauri, rufin yana can sama, ga baranda mai tare rana, ga tagogi da ke barin iska ta ratsa. To me ake yi musu yau? A toshe tagogin, a sauko da silin, a yayyanka falo zuwa ƙananan ɗakuna, sannan a rufe gaban ginin da gilashi wai don a ce na zamani ne. A hoto kam ya yi kyau. Amma a watan Afrilu, idan zafi ya haura digiri 40, gilashin nan tanda yake zama.

Irin wannan ofis ba ya zaunuwa sai da wuta, mu kuwa mun san halin wutarmu. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin da ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, masu ofisoshin gilashi sun ɗanɗana kuɗarsu: ko a zuba kuɗi a man janareta, ko a sallami ma'aikata tun kafin azahar.

Wani zai ce abokin ciniki ido yake bi, in bai ga ƙyalli ba sai ya raina kamfani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai a je Dandaji a jihar Tawa a gani. A 2018 Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala mayar da tsohon masallacin ƙasa na garin ɗakin karatu, ba tare da sun ɓoye asalin ginin ba, kuma aikin ya yi suna har a ƙasashen waje. In ginin ƙasa ya karɓi sabon aiki, kantin siminti ba shi da uzuri.

Shawarata ga mai gida ita ce ya bi abin daki-daki. A fara kiran injiniya ya nuna bangon da ke ɗauke da nauyi kafin magini ya ɗaga guduma. Sai rufi, don kada damina ta jiƙa takardu da kwamfutoci. Sai wayoyin wuta: waɗanda aka ja don ƙwai biyu da fanka ba za su ɗauki na'urorin sanyi biyar ba, kuma daga nan gobara kan tashi. A bar tagogi su buɗu, a bar silin a inda yake. Fenti da kujeru su zo daga ƙarshe.

Su ma ma'aikatun magajin gari suna da nasu aikin. Kada a bari a sauya wa gini aiki sai an duba ƙarfinsa, wayoyinsa da ƙofar fita ta gaggawa, tunda mutane ne za su wuni a ciki.