Furotin mai tsiro da ƙashi, da abin da kamfani bai faɗa ba

Duk wanda ya taɓa faɗuwa daga kabu-kabu a Maradi ko Damagaram ya san tambayar da ke biyo baya: madori ko asibiti? Amma me ke sa ƙashin da ya karye ya haɗe, kuma me ke ce masa ya isa haka?

A 1965 Marshall Urist, wani likitan ƙashi a Los Angeles, ya jiƙa ƙashi cikin asid har taurinsa ya narke, ya dasa abin da ya rage cikin tsokar zomo. Bayan ƴan makonni sai ga sabon ƙashi a tsakiyar nama. Ashe wani furotin ne ke ba da umarni, shi ake kira BMP. A 1988 aka gano ƙwayar gadonsa, aka fara sarrafa irin na ɗan Adam a labo. Akwai wani kuma, noggin, aikinsa taka wa BMP birki. Da waɗannan ne masu bincike ke gane yadda jiki ke auna girman ƙashi. Wallahi ilimi ne mai daɗi.

Sai kuɗi suka shigo. A 2002 Amurka ta amince wa kamfanin Medtronic ya sayar da BMP-2 da sunan Infuse, don haɗa ƙasusuwan ƙasan baya. Likitoci suka riƙa sa shi har a wuya, inda ba a ba da izini ba, har a 2008 hukumar magunguna ta yi gargaɗi: kumburi na iya toshe numfashi. A 2011 mujallar The Spine Journal ta duba bincike 13 da kamfanin ya ɗauki nauyi, ta tarar ba su ambaci illar maganin ba, alhali akwai ta. A 2012 wani kwamitin majalisar dattawa ya gano an biya likitocin da suka rubuta su kimanin dala miliyan 210 cikin shekara 15. Da aka buɗe cikakkun bayanan gwajin ga masu bincike masu zaman kansu, sakamakon 2013 ya nuna bai fi tsohuwar dabara ba, wato ɗebo ƙashi daga ƙugun majinyacin kansa.

Na san wani zai ce: mu da hoton ƙashi ma ke mana wuya, ina ruwanmu da rigimar masu kuɗi? Da ruwanmu. Ƙasar da ke da hukuma mai ƙarfi da ƴan jarida masu bin diddigi ta yi shekara tara kafin ta gane. Mu da magani ke iso mana cikin kwali da takardar amincewar wata ƙasa, shekara nawa za mu yi?

Ban ce a guji furotin ɗin labo ba. A wasu karayar ƙwauri da ƙashi ya huda fata yana da amfani. Abin da nake so shi ne duk kamfanin da zai kawo irinsa Nijar ya ajiye cikakkun bayanan gwajinsa a ma'aikatar lafiya, har da waɗanda bai buga ba, inda malaman likitanci na Jami'ar Abdou Moumouni da ɗalibansu za su iya zuwa su karanta.