Garmaho mai araha da fayafayan Naraguta

Garmaho ya dawo kasuwa bayan an daɗe da yi masa jana'iza. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da fayafayan garmaho kimanin miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Iskar wannan yayi ta kaɗo har Abuja, inda shagunan kayan lantarki da masu talla a Instagram suke baje wasu ƙananan garmaho masu siffar akwatin tafiya, da lasifika a jikinsu, a farashin da bai fi ƙarfin matsakaicin ma'aikaci ba. Ga wanda zai sayi sabon faifai daga Turai ya ƙawata falonsa, wannan sha'awa ce, kuma aljihunsa kaɗai ta shafa. Ma'aikacin da ya gaji kwalin fayafayan mahaifinsa a wani gida na Naraguta ko Unguwar Rogo shi ne abin ji, domin abin da zai ɗora wa allura ba shi da na biyu a kanti.

Ba banza ba irin waɗannan kwalaye suka yawaita a Jos. A Naraguta Turawan haƙar kuza suka fara kafa sansani a farkon ƙarni na 20, tun Jos ba ta zama birni ba, kuma kuzar ce ta tara 'yan ƙwadago da fatake da dukawa da akawuna daga Kano da Zariya da Bauchi da Kudu. Inda aka tara masu albashin wata, nan ake samun masu sayen rediyo da keke da garmaho. A wannan ƙasa aka haifi Adamu Ɗanmaraya Jos, a Bukuru, a 1946, wanda ya ɗauki kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a watan Yunin 2015. A nan kuma ƙungiyar Sahara All Stars ta yi zamaninta a shekarun 1970. Kamfanoni irin su EMI sun buga waƙoƙin Ɗanmaraya da na Mamman Shata a faifai, kamfanin Tabansi ma a Kano ya fara. Da kaset ya shigo, sai aka tura fayafayan ƙarƙashin gado. Gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 da rikice-rikicen da suka raba mutane da gidajensu sun ci nasu rabon. Abin da ya tsira kaɗan ne, kuma yawancinsa yana hannun magada waɗanda ba su taɓa jin sautinsa ba.

Ya kamata mai niyyar saye ya fara sanin yadda abin yake aiki, tun da a nan ne araha take yin ɓarna. Sautin faifai yana kwance ne a cikin wani siririn tsagi da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Allura tana bin tsagin, tana karkarwa gwargwadon lanƙwasarsa, na'ura kuma ta mayar da karkarwar sauti. Ke nan duk sauraro gogayya ce. Garmaho na kirki yana ɗora wa faifai nauyin da bai wuce giram biyu zuwa uku da rabi ba, da allura mai bakin daimon wadda takan yi ɗaruruwan sa'o'i kafin ta dakushe. Na akwatin nan kuwa yakan danna da giram biyar ko fiye, allurarsa ta ƙaramin dutse ce mai saurin cinyewa, kuma babu wurin rage nauyin. Gaskiya ne juyi ɗaya ba ya kashe faifai, masu cewa haka sun yi ƙari. Amma dakusasshiyar allura mai nauyi, a kan faifan da ya shekara 50 yana shan ƙurar hunturu, tana kankare tsagin a hankali, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Ga shi lasifikar tana manne da akwatin, rugugin sautinta yana komawa ga allurar ya sa ta tsalle. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. A nan har ta'adi take yi.

Akwai kuma batun gudu. Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti. Ƙaramin, na kamfanin RCA Victor na 1949, sau 45. Tsofaffin fayafayan garmahon wani, masu nauyi da saurin fashewa, sau 78 suke juyawa, ba da roba aka yi su ba, da wani irin ƙaro ne, kuma tsaginsu ya fi faɗi, don haka allurarsu daban ce. Yawancin ƙananan garmaho na kirki ba su da gudun 78 sam. Na akwatin suna da shi, sai dai da allura ɗaya suke bin kowane faifai, wadda take nutsewa ƙasan faffaɗan tsagin ta kwaso ƙara maimakon waƙa. Wanda ya buɗe kwalin gado ya tarar da irin waɗannan, gara ya mayar da su ya rufe har ya sami mai kayan aikinsu. Kada kuma ya kuskura ya goge su da sifirit, narkar da su yake yi.

To me mai ƙaramin ƙarfi zai saya? A cikin sababbi, irin su Audio-Technica AT-LP60X da Sony PS-LX310BT su ne matakin farko da ba ya cutar da faifai. Bel ne yake juya farantinsu, hannun yana sauka ya tashi da kansa, ana iya sauya allurar, kuma suna ɗauke da ɗan amfilifayan da yake ɗaga raunannen sautin allura, ta yadda za a haɗa su da lasifikar da take gida. Akwai samfurin da yake da kafar USB, wanda ya fi dacewa da mai son kwafe waƙoƙin zuwa kwamfuta. Matsalar ita ce kuɗi. Na Audio-Technica yana kaiwa dala 150 zuwa 200 a ƙasashen da ake sayar da shi, kafin kuɗin dako da na kwastan. A canjin da ya yi ta yawo kusa da naira 1,500 a 2025, wannan ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau uku. Abin da Bature yake kira na masu farawa, a wurin ma'aikaci mai mataki na takwas shawara ce da sai an zauna da uwargida.

Shi ya sa da yawa za su karkata ga na hannu, kuma ba laifi ba ne. Tsohon Technics ko Pioneer ko Sansui na shekarun 1970 da 1980, in yana da lafiya, ya fi sabon akwati nesa ba kusa ba. Sai dai a duba bayansa kafin a biya. Wutar Najeriya bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60. Wanda ya jona na Amurka kai tsaye ya ƙona shi. Ko an sa masa taransifoma, in injinsa irin mai bin bugun wuta ne, zai riƙa juyawa da ragin kashi ɗaya cikin shida, sai a ji muryar Shata ta yi kauri tana jan ƙafa kamar wanda bai warke daga zazzaɓi ba. Wanda aka yi wa kasuwar Ingila ko Jamus ba shi da wannan matsala. Janareton da gudunsa yake hawa da sauka shi ma yakan jirkita irin wannan inji. Sannan duk garmahon da aka saya na hannu, a ɗauka allurarsa ta mutu, a nemi sabuwa kafin a ɗora masa faifan da ake ji da shi. Bel ɗin ma yakan saki, amma shi kuɗinsa kaɗan ne.

Sanyin Jos ya yi wa fayafayan nan rana, domin zafi ne babban makashin roba. Mai ɗauko su zuwa Abuja ya sani cewa but ɗin mota, daga Hawan Kibo zuwa Akwanga da Keffi da tsakar rana, ya isa ya tanƙware faifan da ya shekara 40 lafiya lau. A tsaye ake jera su kamar littattafai, ba a kife wani kan wani ba.

Duk wannan dabara ce ta mutum ɗaya, alhali matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Tun daga farkon shekarun 2000 kamfanonin Turai irin su Strut da Soundway suke fitar da tarin tsofaffin waƙoƙin Najeriya, dillalai kuma suna bin gari gari suna saye fayafayai. Ba a zarge su ba, sun ga daraja a inda masu abin suka ga tarkace, kuma sun ceto waƙoƙi da dama. Amma hankalinsu ya fi karkata ga kiɗan jita da ganga na Legas da Gabas. Kuntigi da kalangu da kukuma ba su da irin wannan kasuwa a Landan, don haka babu baƙon da zai zo ya cece su. In magada ba su adana ba, hukuma kuma ba ta tattara ba, shara ce makomarsu.

Abin takaicin shi ne hukumar da aikin ya rataya a wuyanta tana cikin garin. Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a Jos hedikwatarta take, kuma a ƙarƙashinta akwai ma'adanar fina-finai da bidiyo da sauti ta ƙasa. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu yake shugabantarta, shi kuwa tsohon ɗalibin Jami'ar Jos ne, wadda mazauninta na dindindin yake Naraguta. Garmaho biyu ko uku na ƙwararru, da allurai na kowane irin faifai, da injin wanki, da kwamfuta, da ma'aikaci ɗaya da aka horar, ba za su kai kuɗin motar ofis guda ba. Da su za a iya buɗe teburin da mai faifai zai kawo nasa, a wanke, a kwafe, a rubuta sunan mawaƙi da kamfani da lambar faifan, a mayar masa da kayansa haɗe da kwafinsa. Za a ce akwai haƙƙin mallaka, kuma akwai shi, domin waƙoƙin suna da magada, kamfanonin ma suna da nasu. Sai dai kwafe don adanawa daban, sayarwa daban, kuma rajistar da za ta fito daga wannan aiki ita ce ma za ta ba iyalan mawaƙan hujjar neman haƙƙinsu a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Za a kuma ce ai waƙoƙin suna YouTube. Wasunsu suna nan, akasari an kwafo su ne daga kaset ɗin da shi ma kwafin kwafi ne, babu shekara, babu sunayen makaɗa da 'yan amshi, wani lokaci har da sunan mawaƙin da ba shi ba. Faifan asali da bangonsa su ne shaidar da manazarci zai dogara da ita. Kwafin ma kada a tara shi wuri guda. Gobarar da ta cinye ɗakin karatun Jami'ar Jos a Naraguta a watan Oktoban 2016 ta isa dalilin a ajiye ɗaya a Jos, ɗaya a Abuja, ɗaya a Gidan Arewa na Kaduna.

Masu rubuta wa ministoci da daraktoci takardun shawara sun san yadda ƙaramin layi yake shiga kasafin kuɗi, sun kuma san yadda yake ɓacewa. Ma'aikatar da take kula da al'adu, wadda hukumar fina-finan take ƙarƙashinta, tana da ranar 27 ga Oktoba, ranar da UNESCO ta ware wa kayan tarihi na sauti da hoto. Maimakon taron jawabai a otal, ana iya buɗe teburin kwafe fayafayan a Jos a wannan rana, a sanar a gidajen rediyon Filato mako biyu kafin nan, da Hausa da Turanci, cewa duk mai kwali a ƙarƙashin gado ya kawo.