A Auna Jini Kafin A Kai Goro

Da zarar kaka ta yi, ko babbar salla ta gabato, sai motocin Arewa su cika maƙil a Agege da Sabon Badun da Anaca. Cikin fasinjojin akwai samarin ƙasar Katagum, na Azare da Shira da Gamawa da Giyaɗe, waɗanda suka shekara suna tara kuɗin aure. Da yawansu 'yar baffa ko 'yar gwaggo aka ba su. An sayi akwati, an sayi atamfa, an tanadi sadaki. Abu guda ne ake mantawa da shi, alhali kuwa kuɗinsa bai kai na turmin zane ba, watau gwajin jinin sikila.

Ciwon nan da ake kira amosanin jini ba baƙo ba ne a gidajen Hausa. Yaro ya kwana yana kuka da ciwon ƙashi, idanu su yi ɗorawa, yatsu su kumbura, a binne wannan a binne na bayansa, daga nan sai a ce uwar wabi take yi. Masana sun fi shekara saba'in da gano asalin abin, kuma ta hanyar binciken furotin suka gano shi.

Furotin shi ne sinadarin da aka gina jikin ɗan Adam da shi, iri-iri ne kuma. Wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi sunansa himogulobin. A 1949 wani masani a Amurka, Linus Pauling, da abokan aikinsa suka bi himogulobin mai sikila da na mai lafiya da wutar lantarki, suka ga tafiyarsu ba ɗaya ba ce. A 1956 da 1957 kuma Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya yayyanka furotin ɗin ya duba shi gaɓa-gaɓa. Ashe kamar carbi yake. Ɗaya daga cikin silinsa ƙwaya 146 gare shi, ƙwaya ta shida kaɗai ce ta sauya. Wannan 'yar sauyawa ita ke sa himogulobin ya dunƙule idan iska ta yi ƙaranci, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Duk azabar daga nan take.

Yawan abin a ƙasar Hausa ma an auna shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, maƙwabciyar Katagum. Da aka auna jinin mutanen ƙauyukan, sai aka tarar wajen jarirai biyu cikin ɗari SS ne, amma cikin manya da ƙyar ake samun ko guda. Ba warkewa suka yi ba, ƙasa ce ta rufe su tun suna ƙanana. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma AS ne, lafiyarsa ƙalau, har ma ya fi sauran jure zazzaɓi, shi ya sa irin bai ƙare ba.

A nan ne jama'a ke yin kuskuren lissafi. In AS ya auri AS, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai zo da ciwon sauran uku su tsira ba. Kowane ciki da nasa rabon, kashi ɗaya cikin huɗu, kamar an sake jefa ƙuri'a. Wani gida su haifi shida ba ko ɗaya, wani gida uku a jere. Don haka maganar "ai iyayenmu sun yi ba abin da ya faru" ba hujja ba ce. Auren zumunci abu ne mai kyau, amma in irin yana cikin dangi, haɗuwarsa ta fi sauƙi.

Mazauna Kudu suna da wani abin lura na daban. Akwai wani himogulobin da ake kira C, wanda ya fi yawa a ƙasar Yarbawa da Gana da Burkina Faso. Ɗan Arewa mai AS da ya nemi aure a Badun ko Abekuta, in yarinyar AC ce, suna iya haifar SC, shi ma ciwo ne. Tsohon gwajin nan na ɗiga magani a jini a ga ko ya lanƙwashe ba ya ganin C, ba ya ma rarrabe AS da SS. Gwajin da ake nema shi ne wanda ke ware kowane himogulobin daban, ko da wutar lantarki ko da injin tacewa na zamani. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata ukun da suka wuce ya dakata, domin jinin wani ne zai bayyana. In sakamako biyu suka saɓa, a je babban asibiti a yi na uku. Takardar da aka saya a bakin tasha ba tare da an ɗebi jini ba kuwa, wanda ya saye ta 'ya'yansa ya cuta.

Binciken furotin ɗin nan ya kawo magunguna, sai dai ba duka ne suka yi albarka ba. Voxelotor, wanda aka ƙera musamman don ya kama himogulobin ya hana shi dunƙulewa, an amince da shi a Amurka a 2019, amma kamfanin Pfizer ya janye shi daga kasuwa a watan Satumba na 2024 saboda shakkar lafiyarsa. Casgevy, mai gyara ƙwayar halitta, ya samu izini a ƙarshen 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wannan ba zancen mai sayar da goro a Agege ba ne. Abin da talaka zai iya kaiwa shi ne hydroxyurea, wanda likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka gwada kan yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ga ko kaɗan daga cikinsa yana karewa. Sai kuma fenisilin, da rigakafi, da gidan sauro. Amma duk waɗannan sai an san yaron yana da ciwon tun yana jariri.

To, a nan Azare ta shigo. Garin yana da babban asibitin tarayya, a 2021 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa masa Jami'ar Kimiyyar Lafiya. Ba aikin da ya fi dacewa da sabuwar jami'a irin wannan kamar ta riƙe gwajin himogulobin da hannu biyu: ta horar da ma'aikatan ɗakin gwaji, ta riƙa bin sakamakon ƙananan asibitoci tana tantancewa, ta kai 'yar takardar gwajin nan mai ɗigon jini ɗaya, wadda aka riga aka jarraba a Nijeriya, zuwa duk inda ake yi wa jarirai rigakafi daga Zaki har Shira. Jihar Kano ta wajabta gwaji kafin aure da doka a 2024, amma doka ba ta gyara injin da ya lalace.

Sarakunan Hausawa na zangon Kudu, da limamai, da ƙungiyoyin 'yan Katagum mazauna Ikko da Fatakwal, su ma da nasu aikin. Su ne ke rubuta wa saurayi takardar shaida, su ne ke tara masa gudummawa. Su tambaye shi takardar jininsa tun kafin ya hau mota, a kuma aika gida a auna yarinyar kafin manya su zauna. Fasa magana tun ba a kai goro ba ya fi sauƙi ƙwarai a kan fasa ta bayan an sa rana.