Tukunyar 'yan Kajun: abin da maƙwabta suka iya bayan ambaliyar Luwiziyana

A tsakiyar watan Agustan 2016, ruwan sama ya yi kwanaki yana zuba a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka. A garin Watson kaɗai an auna kusan milimita 800, wato ya kusa abin da Kano ke samu a damina guda. Kogunan Amite da Comite suka cika suka batse, mutum 13 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka lalace a Baton Rouge da kewayenta. Akasarin masu gidajen ba su da inshorar ambaliya, domin unguwanni da dama ba sa cikin wuraren da taswirar hukuma ta ce suna cikin babban haɗari.

Abin da duniya ta fi gani shi ne kwale-kwale. Masunta da maharba sun jawo ƙananan jiragensu a bayan mota, suka riƙa shiga lungu-lungu suna kwaso mutane, ana aiko musu da adireshin waɗanda suka maƙale ta Facebook. Su ne ake kira Cajun Navy, wato sojan ruwan Kajun, sunan da ya samo asali tun guguwar Katrina ta 2005. Sun cancanci yabo. Amma ni a ganina tukunyar da aka ɗora bayan ruwa ya janye ta fi kwale-kwalen daɗewa tana aiki, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba.

Ceto aikin kwana uku ne ko huɗu. Wahalar gaske tana farawa ran da mutum ya koma gida ya tarar da laka a ɗaki. Gidajen can yawanci na katako ne da allunan bango, ga zafi ga laima, don haka in ba a ɓamɓare bangon da ya jiƙe cikin 'yan kwanaki ba, funfuna za ta cinye gidan. Sai an fitar da katifa da kujeru da firji mai ɗauke da ruɓaɓɓen nama an jibge a bakin titi. Aiki ne na mutum goma, kuma babu murhu, babu wuta, kantunan unguwa su ma suna cikin ruwa. Wanda ya zo da buhun shinkafa a irin wannan rana ya kyauta, sai dai mai gida ba shi da inda zai dafa ta. Wanda ya zo da dafaffen abinci shi ne ya sa ma'aikatan nan goma suka kai yamma.

A nan ne girkin 'yan Kajun ya dace kamar don haka aka ƙirƙiro shi. Su 'yan Kajun jikokin Faransawa ne da Turawan Ingila suka kora daga gabashin Kanada tun daga 1755, wasunsu suka ƙare a fadamun Luwiziyana. Abincinsu na talaka ne: tukunya ɗaya, duk abin da aka samu a jefa. Jambalaya, wadda ɗan Arewa zai kalla ya ce ai dafa-duka ce, shinkafa ce da ake dafawa tare da nama da albasa da koren tattasai da seleri a cikin ƙatuwar tukunyar ƙarfe, ana juyawa da muciya mai kama da filafilin jirgi. A ɗora ta a kan gas a filin coci ko bakin titi, a ciyar da mutum ɗari ko fiye. Garin Gonzales, wanda ke kiran kansa hedikwatar jambalaya ta duniya, yana cikin yankin da ruwan ya shafa. Mutanen can sun saba dafa ta su sayar don tara wa maras lafiya kuɗin asibiti, saboda haka tukwane da gwanayen girki duk suna nan tun kafin bala'i, ba sai an kafa kwamiti ba.

Gumbo kuwa miya ce mai kauri da ake ci da shinkafa. Ana soya fulawa da mai a hankali har ta yi duhu, sannan a zuba kaza ko jatan lande. Masana da yawa na cewa sunan ya fito ne daga kalmar kuɓewa a harsunan yankin Angola, bayi ne suka tafi da shi. (Musulmin da ya je can ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu, don tsiran alade ba ya wuya a tukunyarsu.)

Akwai kuma maganar mutunci. Mutumin da jiya yake ciyar da iyalinsa, yau a ce ya bi layi ya cike takardar neman tallafi, abin da ciwo. Idan maƙwabcinsa ne ya miƙo masa faranti da abincin da ya saba ci tun yana yaro, babu wanda ya zama almajirin wani, domin gobe shi ma zai je ya taya wancan ɓamɓarar bango. Duk wanda ya ga yadda jama'a suka riƙa kai dafaffen abinci sansanoni a Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumban 2024 ya san abin da nake nufi.

Sai dai ina tsoron yadda irin wannan labari mai daɗi ke zame wa hukuma mafaka. Tun bayan ambaliyar 1983 ake maganar haƙa magudanar da za ta karkatar da ruwan kogin Comite zuwa Misisipi. Mazauna yankin sun yi shekaru suna biyan haraji dominta, amma har ruwan 2016 ya zo ba a gama ba. Jambalaya ba ta haƙa magudana, ba ta biya wa tsohuwa kuɗin sake gina gida. Idan 'yan siyasa suka tsaya gaban kyamara suna yabon juriyar jama'a, ya kamata a tambaye su ina aikin da aka karɓi kuɗinsa.

Kuma maƙwabtaka tana da iyaka. A lokacin Katrina, mutanen da suka yi ƙoƙarin ficewa daga New Orleans da ƙafa, akasarinsu baƙar fata, sun tarar da 'yan sanda sun tare gadar da ke shiga garin Gretna, aka kora su baya. Taimakon jama'a yana bin sanayya: ɗan cocinmu, abokin aikina, surukin wane. Ɗan haya da bai daɗe da tarewa ba, ko baƙon da ba ya jin Turanci, yana iya kwana da yunwa alhali ana rabon abinci a layi na biyu. Nemo irin waɗannan aikin hukuma ne, tunda ita ce ke da rajista da motoci da kuɗin haraji.

Shekara guda bayan haka, a Agustan 2017, guguwar Harvey ta nutsar da Houston a jihar Texas. Mutanen Luwiziyana, har da waɗanda ba su gama gyara gidajensu ba, suka sake ɗaura kwale-kwale a bayan mota suka nufi yamma, wasu kuma suka bi su da tukwane da buhunan shinkafa.