Idan Katangar Tsaro Ta Ƙi Zama a Tsohuwar Kwamfuta

A unguwar Kukuo ta birnin Tamale, akwai ɗalibai da masu shagunan buga takardu da ke dogara da kwamfutocin gwanjo. Mai irin wannan kwamfuta yakan so ya saka mata katangar tsaro, wato manhajar da ke tantance abin da ke shiga da fita ta intanet, sai aikin ya tsaya a rabi. A nan ne wasu ke garzayawa su sauke kwafin sata daga shafin da ba su sani ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido, domin takardun mutane ne ke cikin na'urar.

Abin da ya dace shi ne a binciki dalili. A fara da kwanan wata: idan batirin agogon ciki ya mutu, kwamfuta kan ƙi amincewa da shaidar manhaja. Sannan a share burbushin tsohuwar manhajar tsaro, don biyu ba sa jituwa. Windows 7 kuwa tana bukatar sabuntawar SHA-2 ta 2019 kafin ta gane sabon sa-hannun manhajoji.

Sai dai gyaran yana da iyaka. Microsoft ya daina tallafa wa Windows XP a ranar 8 ga Afrilu, 2014, Windows 7 kuma a ranar 14 ga Janairu, 2020. Katanga ba ta ɗorewa a kan ruɓaɓɓen harsashi. Gara a koma Linux mara nauyi irin Lubuntu, ko a raba kwamfutar da intanet baki ɗaya.