Ra'ayinmu: Kafin Ku Aiko Wa Baba Na'urar Minshari Zuwa Yamai

A kusan kowane gida akwai wanda aka sani da minshari. Yara na kwaikwayonsa, abokan tafiya na gudun haɗa ɗaki da shi, idan an zauna shan shayi a fada shi ne abin tsokana. Sai dai wadda ke kwana kusa da shi ta san abin da sauran ba su sani ba. Ana cikin minsharin sai a ji tsit, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, ta ƙirga goma, ta ƙirga ashirin, sannan ya fizgi numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Gari na wayewa ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, kafin azahar yana gyangyaɗi a ofis ko a bakin shago.

Wannan cuta ce, sunanta ɗaukewar numfashi a cikin barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki, harshe da ganɗa su koma baya su toshe hanyar iska. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum na 'yan daƙiƙoƙi don ya ja numfashi, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Shi bai ma san ya farka ba. Likitoci na ƙirga duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10. Sau 5 zuwa 14 a sa'a ɗaya abin bai yi tsanani ba, 15 zuwa 29 matsakaici ne, daga 30 zuwa sama kuwa ya tsananta. Wanda ke kan 30 ya kwana sa'a bakwai, an shaƙe shi fiye da sau 200 ke nan a dare guda.

Wani nazari da mujallar likitanci ta Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ke da wannan matsala a duniya, kuma miliyan 425 daga cikinsu nasu ya kai matsakaici ko mai tsanani. Ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da mata bayan ɗaukewar al'ada. Tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki. A wajenmu kuwa, wanda ya farka a firgice yana neman iska sai a ce dannau ne, wani kuma a kai shi wajen wanzami a yanke masa beli. Askar wanzami ba ta buɗe hanyar da harshe ya toshe, tana dai iya jawo zubar jini da ciwon da ba a zo da shi ba. Matasa kuma su sani, giya da ƙwayoyin sa barci da tramol duk suna ƙara tsananta abin.

Maganin da ya fi aiki an san shi fiye da shekara arba'in. A farkon shekarun 1980 wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, ya gwada hura iska ta hancin mara lafiya yana barci, iskar ta tokare maƙogwaro ya kasa rufewa. Daga nan aka samu na'urar da masu Ingilishi ke kira CPAP, likitocin Yamai kuma suka fi saninta da sunanta na Faransanci, PPC. Ƙaramin akwati ne da tiyo da abin rufe hanci. Ba iskar asibiti ta kwalba take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take tacewa ta hura. Mutane da yawa daga daren farko suke ganin bambanci.

To ga inda maganar ta shafe mu. Sabuwar na'ura a Amurka tana kaiwa dalar Amurka 500 zuwa 1,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma jika 42 na CFA a 2024. Ke nan ga yawancin gidaje hanya ɗaya ce, wato ɗa ko ƙanwa da ke Faransa ko Beljiyam ko Amurka. Mai zumunci ya ji labarin halin da Baba ke ciki ta WhatsApp, ya shiga intanet, ya ga ta hannu da araha, ya ba mai dawowa gida. Niyyar babu laifi a cikinta. Amma muna ganin aiko da na'urar ita kaɗai, kamar yadda ake aiko da waya ko agogo, ɓarnar kuɗi ce, wani lokaci ma haɗari ne.

Farko dai, ba kowane mai minshari ne ke buƙatarta ba. Sai an yi gwajin barci, inda ake ɗaura wa mutum 'yan na'urori a yatsa da ƙirji da hanci ya kwana da su, a asibiti ko a gidansa, a ga sau nawa numfashinsa ke tsayawa. Ƙarfin iskar da ake saitawa yana tsakanin 4 da 20 a ma'aunin na'urar, kuma na kowa daban ne. Wadda aka saita wa wani Bature mai kilo 120 ba lallai ta dace da dattijon Lazare ko Bukoki ba. Akwai masu daidaita kansu, gaskiya ne, amma mai ciwon zuciya ko na huhu, ko wanda matsalarsa daga ƙwaƙwalwa take ba daga maƙogwaro ba, zai iya cutuwa idan ya saka ba tare da likita ya duba shi ba. Don haka kuɗin farko da za a aiko na ganin likita ne. A nemi likitan huhu ko na kunne da hanci da maƙogwaro a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko asibitin Lamorde, ko babban asibitin ƙwararru da aka buɗe a 2016, shi zai faɗi inda za a yi gwajin da irin na'urar da za a saya.

Sai batun ta hannu, wanda a nan ne muka fi jin tsoro. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiran a dawo da miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen Afrilun shekarar. Dalili shi ne soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana iya rududdugewa, mai barci ya shaƙi ɓurɓushinsa ko ya haɗiye. Kamfanin da kansa ya ce zafi da laima na hanzarta lalacewar soson. A 2024 ya amince ya biya dalar Amurka biliyan 1.1 don sasanta ƙararrakin da aka shigar a Amurka, ko da yake bai amsa laifi ba. Yanzu mai karatu ya tuna Yamai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗaki kamar tanda. Kowa ya san inda kayan da Turai ta ƙi suke ƙarewa. Duk wanda zai sayi ta hannu ya karanta lambar da ke ƙasanta, ya tabbatar ba ta cikin waɗanda aka janye, ko kuma an gyara ta a hukumance. In ba haka ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wuta kuwa ba sai an gaya wa ɗan Yamai ba. Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. A farkon Agusta aka katse ta saboda takunkumin ECOWAS, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Tashar hasken rana mai megawat 30 ta Gorou Banda ta rage raɗaɗi, amma rana ba ta fitowa da dare, madatsar Kandaji kuma har yanzu jiranta ake yi. Ita wannan na'ura ba ta warkar da cutar, tana riƙe ta ne muddin tana kunne. Wuta ta ɗauke ƙarfe biyu na dare, mai ita ba zai shaƙe ba, domin abin rufe hancin yana da kafar fitar iska, amma matsalar ta dawo nan take. Abin farin ciki shi ne ba ta da cin wuta. Idan aka kashe ɓangaren da ke ɗumama ruwa, ba ta kai fankar sili ba, matsakaicin batirin sola zai kai ta asuba. Saboda haka batiri da abin daidaita wuta suna cikin kuɗin na'urar tun daga farko. Wanda ba zai iya sayen ukun tare ba, gara ya dakata ya tara.

Ƙura ma tana da nata. Jadawalin canza matacin iska da kamfanoni ke rubutawa ba da hunturun Sahel aka yi lissafinsa ba. A duba shi kowane mako, ya yi ja a canza, kuma mai aikowa ya haɗo da guda goma ko fiye, ba su da nauyi ba su da tsada. Abin rufe hancin a wanke shi kullum da sabulu mara ƙarfi, tiyon kuma mako-mako, a shanya a inuwa. Tankin ruwan yana son tataccen ruwan da ake samu a kantin magani, ruwan famfo na barin ƙanzo. Abin rufe hancin kansa yana tsufa cikin wata shida zuwa shekara, ya fara yoyon iska, kuma girmansa sai an gwada a fuskar mai shi.

Makonnin farko ne ke da wuya. Mutum ya ji kamar an ɗaure masa fuska, hanci ya bushe, ya ji kunyar iyalinsa, ya tura akwatin ƙarƙashin gado. Mafi ƙarancin abin da likitoci ke nema shi ne sa'a 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, kuma ko a ƙasashe masu arziki da yawa ba sa kaiwa. A Faransa shi ya sa ba a sayar wa mara lafiya na'ura a sallame shi. Haya ake ba shi, inshorar lafiya ta biya kaso mafi yawa, ma'aikaci ya zo gida ya gyara masa zaman abin rufe hancin, likita kuma ya riƙa duba bayanan da na'urar ke tarawa. Wannan bibiyar ita ce ba ta shiga jakar matafiyi. A gida, matar mai cutar ko babban ɗansa ne za su tsaya a madadin wancan ma'aikacin, don haka a je da su wajen likita.

Ga hukuma kuma muna da magana. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, mataki ne da talaka ya gani a aljihunsa. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta sa gwajin barci cikin abin da manyan asibitoci ke yi a kan farashi sananne, ta bayyana wa jama'a inda ake yinsa, ta horar da ma'aikatan da za su iya saita na'urar da gyara ta, a kuma sauƙaƙa kuɗin kwastan a kanta da kayan canjinta. Hukumar da ke sa ido kan kayan asibiti ta hana shigo da waɗanda aka janye daga kasuwa. Jami'ar Abdou Moumouni na da ɗaliban likitanci da za su iya auna girman matsalar a tsakanin masu zuwa asibitin hawan jini.

Idan za a fara da rukuni ɗaya, a fara da direbobi. Mai wannan cuta da ba ya samun magani ya ninka sauran mutane haɗarin yin karo a kan hanya, shi ya sa tun 2014 Tarayyar Turai ta ce wanda nasa ya kai matsakaici ko mai tsanani sai ya nuna yana kan magani kafin a sabunta masa lasisi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, direban bas ya tashi tun kafin asuba da fasinja cike da mota. Tambayoyin tantancewar farko ba su wuce takwas ba, daga minshari da gajiyar rana da hawan jini zuwa auna wuya da tef ɗin tela, a ga ko ya haura santimita 40. Kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin direbobi za su iya fara wannan a tasha cikin watan nan, da sharaɗin cewa wanda aka samu da cutar za a taimaka masa ya yi magani ya koma kan sitiyarinsa, domin in kora ce za ta biyo baya, babu direban da zai faɗi gaskiya.