Ƙofar jami'a tana aji huɗu na sakandare

Duk shekara, da zarar Hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawarta, sai gidaje da yawa a Ikara da Makarfi da Kudan su cika da murna. Yaro ya ci maki 240 ko 260 daga cikin 400, mahaifi ya fara lissafin buhunan masara ko gonar raken da zai sayar ya biya kuɗin makaranta. Bayan wasu watanni jerin sunaye ya fito, babu sunan yaron. Daga nan sai zargi ya tashi: an sayar da gurbin, ko kuwa ba mu da kowa a sama. Ba na musun cewa akwai son kai a wasu wurare. Amma a cikin shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a, mafi yawan takardun da iyaye suka kawo mini suna kuka, matsalarsu tana rubuce a jikinsu tun shekara uku kafin a zauna JAMB.

Shiga jami'a a Najeriya yana da sharuɗɗa uku, kuma wani ba ya rufa wa wani asiri. Na farko shi ne sakamakon kammala sakandare daga WAEC ko NECO ko NABTEB: kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake nema, ciki har da Turanci, da kuma Lissafi a mafi yawan fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. D7 da E8 ba sa shiga lissafi. Na biyu shi ne haɗin darussa huɗu da ɗalibi ya zaɓa a JAMB, Turanci dole, sauran ukun kuma kwas ne ke ƙayyade su. Na uku shi ne maki, da tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB. Mutanenmu sun san na ukun kaɗai, shi ya sa suke auna komai da shi.

Mai neman likitanci dole ya zo da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a wannan fanni. Mai neman injiniya yana buƙatar Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai neman lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba. Ɗan manomin rake a Hunkuyi ko Gimi, wanda ya tashi da fartanya a hannu kuma yake son karanta ilimin aikin gona a Samaru, ba za a tambaye shi kadada nawa ya taɓa nomawa ba. Kiredit ɗinsa na Kemistiri za a duba. Haka ɗiyar da ke burin karatun jinya ko wani fannin lafiya a makarantar Shehu Idris da ke Makarfi: kusancin gida ba zai maye gurbin darussan kimiyya ba.

Waɗannan darussa kuwa ana zaɓensu ne a aji huɗu, wato SS1, lokacin da ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 ne ke yanke wannan hukunci, sau da yawa shi kaɗai. Wani ya bi abokinsa, wani ya guje wa malamin Lissafi mai bulala, wani kuma makarantarsu ba ta da malamin Fiziks ko ɗakin gwaje-gwaje, sai aka tura ajin duka inda akwai malami. Mahaifi bai sani ba, domin ba a kira shi ba, shi ma bai tambaya ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuwa sai ya bushe muke zuwa da igiya.

Kuskure na biyu yana faruwa ranar rajista. Ɗalibi ya shiga mota zuwa Zariya, ya tarar da layi a cibiyar rajista, ya zauna gaban mai kwamfuta da ke sauri ya sallame shi. A cikin minti biyar aka zaɓa masa kwas da darussa, bai karanta takardar ba ya ninke ta ya sa aljihu. Alhali JAMB tana da kundin da ya jera sharuɗɗan kowane kwas a kowace makaranta, yana kan shafinta na intanet kyauta, ana iya buɗe shi da wayar hannu. Tun daga 2017 kuma hukumar ke tafiyar da bayar da gurbi ta manhajar CAPS. Wanda bai ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a kanta ba, ba za a duba shi ba ko da makinsa ya kai 300. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba, kuma ba ta jin roƙo.

Akwai kuma ruɗani game da mafi ƙarancin maki. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan tsani ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane sashe kuma yana ɗaukar mafi cancanta gwargwadon kujerunsa. Gaskiya ne jami'o'in tarayya suna ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Jihar Kaduna tana cikin yankin Jami'ar Ahmadu Bello. Sai dai wannan rangwame yana amfanar wanda ya cika sharuɗɗa ne. Ba ya ƙirƙiro kiredit ɗin da babu.

Wanda ya riga ya faɗa wannan rami bai kamata ya yanke ƙauna ba. Zai iya sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ya cike giɓin, ko ya canza kwas zuwa wanda takardunsa suka dace da shi. Akwai makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, akwai shirin IJMB, akwai kuma hanyar difloma ko NCE, waɗanda ke kai mutum aji biyu na jami'a kai tsaye. Amma kowace daga cikin hanyoyin nan tana cin shekara ɗaya zuwa uku da kuɗin da talaka ba ya da shi a ajiye, kuma a ƙarshe sai an sake neman kiredit biyar ɗin nan.

Gyaran da ya fi araha yana hannunmu. Shugabannin makarantu su kira iyaye kafin a raba ɗalibai a aji huɗu, a bayyana musu da Hausa abin da kowane aji ke buɗewa da abin da yake rufewa. Ƙungiyoyin ɗaliban Ikara da Makarfi da Kudan da ke manyan makarantu su ware kwana biyu a lokacin hutu su zagaya makarantun da suka fito da kundin JAMB a hannu; hakan ya fi bikin karrama manya amfani. Masu hali da 'yan siyasar da ke saya wa yara fom su fara tambayar abin da ke cikin sakamakon yaron, su kuma taimaka a samo malaman kimiyya a makarantun karkara. Kai kuma uba, idan ɗanka ko ɗiyarka na aji uku a bana, je makarantar kafin zangon nan ya ƙare, ka tambayi ajin da za a sa shi da darussan da ake da malamansu.